Madubin Mashin Ɗin Lawwali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Tajuddeen Usman; mai girma wakilin uban ƙasa, ranka ya daɗe; malamanmu, Allah ya gafarta muku; jami'an kiyaye haɗurra da suka zo mana da hotuna masu hana cin abinci; likitoci da ma'aikatan jinya; masu ɗori, waɗanda muke raba aiki da su, mu ƙarfe su ƙashi; shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu na Gusau da Tsafe da Bungudu; iyayenmu mata da ke zaune ta hagu; 'yan jarida; da ku samarin da kuka cika bayan ɗakin nan, kuna kaɗa makullan mashin a yatsa, kuna jira a gama surutu a raba lemo: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya kawo mu nan da ƙafafunmu, masu biyu da masu ɗaya. Ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace bakanike ya tsaya a inda likita ya tsaya. Sunana Mu'azu Tambaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran mashin a ƙarƙashin wata rumfar kwano a Tudun Wada. An ba ni minti goma, an kuma roƙe ni in yi magana mai sanyi. Minti goman zan yi ƙoƙari. Sanyi kuwa, wanda yake so ya jira lemonsa.

Kun ga na shigo da buhu a kafaɗa. Na ji wasu a baya suna raɗa cewa kyauta za a raba, har wani ya gyara zama. To, bari in kwance shi kowa ya gani. Madubai ne. Madubin mashin ne, guda ɗari biyu da goma sha ɗaya, jiya da la'asar na zauna na ƙirga su. Ban da waɗanda na ba wanzamai, ban da waɗanda yara suka kwashe suna haska wa mutane rana a ido. Ku dube su da kyau, sababbi ne dal, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Babu ɗaya da ya fashe a hanya, domin babu ɗaya da ya taɓa ganin hanya. Ni na cire su duka da wannan hannun, da sifana mai lamba goma sha huɗu.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mashin a kwali yake zuwa, mu muke haɗa shi. Waɗanda suka ƙera shi sun zauna sun yi tunani, suka sa masa madubi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai mai mashin ya zo karɓa. Bai tambayi birki ba, bai tambayi baƙin mai ba, bai tambayi iskar taya ba. Abin da zai fara buɗe baki ya ce shi ne, "Baba, hidda muna kunnuwan ga." Amma ledar da aka naɗe kujera da ita, wannan kada ka kuskura ka taɓa. Za ta yi shekara tana yagewa tana kaɗawa, don jama'a su san sabo ya saya. Leda mai tsare alfahari a bar ta, madubi mai tsare rai a cire shi. Haka muke yi a Gusau, haka ake yi a Tsafe, kuma na je Bungudu na tarar ba su bar mu mu kaɗai ba.

Maganata ta farko ke nan, kuma zan daɗe a kanta, domin shekara talatin ina tambayar dalili, na kuma tara amsoshi.

Wasu sun ce mini mashin mai madubi na tsoho ne, na malamin makaranta mai zuwa karɓar fansho. Gaskiyarku. Ai shi ya sa ya kai ga karɓar fanshon. Ku nuna mini ɗan kabu-kabu mai furfura a cikin ɗakin nan wanda ba ya ɗingishi, in tashi in ba shi kujerata.

Wasu sun ce madubi yana hana su kutsawa tsakanin motoci idan hanyar kasuwa ta cushe. Ikon Allah! Ratar da madubi ba zai wuce ba, gwiwarka ta ina za ta wuce? Gwiwar baiwar Allah da ka ɗauko a baya ta ina za ta wuce? Ko ita ma sifana za a sa a cire mata?

Wani kuma, mai ilimin cikinsu, karin magana ya kawo mini. Ya ce Allah ya ba shi wuya, kuma Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Na ce masa Bahaushen da ya faɗi haka a ƙasa yake tafiya, in ya yi arziki a kan jaki. Kai kana gudun tamanin a hanyar Tsafe, ka juya wuya, kafin ka dawo da shi ka ci tsawon masallacin unguwa ba ka ga gabanka ba. Kuma in ka waiwaya me kake gani? Babbar rigar Alhaji kake gani, mayafin Hajiya kake gani, buhun gero kake gani. Abin da ke bayan buhun, mai taya goma sha takwas, ba ka ganinsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani ɗan gayu da ya ɗaga mini hanci ya ce, "Ni macce ta, da za ni riƙa kallon huskata bisa hanya?" Na ce ɗana, wa ya ce ka kalli fuskarka? Wa ke marmarin ganinta? Tirela aka ce ka kalla.

Magana ta biyu ita ce abin da kuke sawa a madadin abin da kuka cire. Mutum ya cire madubi, ya kawo mini hon na babbar mota in ɗaura masa, don ya riƙa firgita tsofaffi a bakin titi. Ya kawo fitilu ja da kore ya jera, mashin ya koma kamar shagon mai aski. Ya ce a fasa masa bututun hayaƙi, don in ya taso daga Tudun Wada a ji shi a Wanke. Duk wannan ba ya ƙorafi. Amma ka ce masa birkinsa na baya ya cinye, sai murya ta yi laushi, ya ce a ɗan matsa shi dai ya kai ƙarshen mako. Ƙarshen makon wa? Wa ya ba ka takarda cewa za ka gan shi?

Hular kwano kuwa, likita ya yi bayaninta, ba zan maimaita ba. Zan dai faɗa masa inda take, tunda ni ina shiga gidaje. Na ga wadda ake ba kaji ruwa a ciki. Na ga wadda ake ajiye ƙusoshi. Na ga wadda take rataye a hannun mashin, ba ta hawa kai sai an hango jami'ai, a wuce su ta sauko. Wai zafi, wai tana karya hula, wai ana sa asiri a ciki. Da can ina jayayya da ku, yanzu na daina. Tukunyar da babu komai a cikinta ba a wahalar nema mata murfi, kuma kowa ya san abin da ya ajiye a tasa.

Magana ta uku, ga malamai nan zaune, in na karkace su miƙe ni. Duk ranar da aka kwashi wani a titi, sai a taru a ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, wanda bai yi imani da ita ba ba ya cikinmu. Amma ina kallonku a ƙofar masallacin Juma'a. Mutum zai murɗe kan mashin ya kulle, ya zaro sarƙa ya zagaya taya, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, yana sahu yana leƙe. Me ya hana ka bar wa ƙaddara mashin ɗin? A kan ƙarfe ka san a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, a kan ranka da ran wanda ka ɗauko sai ka zama waliyyi. Wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne aka naɗa wa rawani.

Ku ma fasinjoji ba ku kuɓuta ba, masu zungurar mutum a haƙarƙari kuna cewa ya yi sauri. Haka manyanmu masu rabon mashin idan kakar siyasa ta zo, Allah ya saka da alheri, amma ana miƙa makulli ana ɗaukar hoto, babu hula, babu koyarwar ko yini ɗaya. Mutum ya koyi tuƙi da hantsi a filin ƙwallo, da la'asar ya ɗauko mai ciki zuwa awo.

Na ga kuna dariya, wasu har da tafi. Ku adana tafin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma tun ɗazu a kan nawa nake tsaye.

Da yawanku kun san Lawwali, wanda yake tsayawa a tashar 'yan Tsafe. Surukina ne, mijin 'yata Balkisu, uban jikokina biyu, Nana Aisha da Mansura. Shekara huɗu da suka wuce ya sayi sabon mashin, ya kawo mini in haɗa. Yaro ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Da na gama, sai ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa, yana ta zane da tsinke. Na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ce, "Baba, in na hita da kunnuwan ga, dariya za a yi min tun daga nan har Bungudu."

Jama'a, da na daka masa tsawa, da ya bar su. Ba zai iya musu da ni ba, ko wuta na ce ya taka zai taka. Ni kuwa dariya na yi. Na ce yaran zamani sai a bar ku, na ɗauki sifana, ban yi minti biyu ba. Ɗaya na jefa a buhun nan. Ɗayan ya roƙa ya sa a aljihu, ya kai wa Balkisu da tsokana, wai ga madubin kwalli ya sayo mata daga ƙasar waje. Ta yi dariya, ta rataye shi a jikin bango kusa da gado, shekara huɗu da shi take sa kwalli.

Farkon daminar bana, wata safiya da hantsi, Lawwali ya ɗauki Malam Ahmad, manomi, ga shi nan zaune a gaba da sandunansa, ya kuma ba ni izinin in faɗa. An ɗaure buhun taki a baya, Malam Ahmad ya hau. Sun kusa Kwatarkwashi, ya ce wa Lawwali ga hanyar ƙauyensu nan ta hagu. A bayansu akwai tifa cike da tsakuwa, ta riga ta fito za ta wuce su. Lawwali ba ya shaye-shaye, ba ya gudun banza, birkinsa ni nake dubawa. Da na je gaida Malam Ahmad a asibiti, tambaya ɗaya na yi masa, na ce shin yaron nan bai waiwaya ba? Ya ce, "Wallahi ya waiwaya, Malam Mu'azu. Amma ni ya gani, ni da takina."

Kafin azahar aka kira ni. Kafin la'asar mun rufe Lawwali. Malam Ahmad ya bar ƙafarsa ta hagu a asibiti, gonar da aka sayo wa taki bana ƙannensa suka nome ta. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, ni ma ina amsawa da su, domin ya fi mini sauƙi. Mashin ɗin aka kawo mini a bayan a-kori-kura, kansa ya murɗe, tayar gaba ta lanƙwashe. Ya gyaru, don shi kayansa suna nan a kasuwa.

Mako uku da suka wuce Balkisu ta fita takaba, aka kwaso kayan ɗakinta zuwa gidana. Washegari ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta girma. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye wani abu naɗe a ɗankwali a kan bencina. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ga ajiyarka. Ka maida shi inda ka hiddo shi." Ta tashi ta tafi.

Shekarata sittin da biyu, an zage ni a kasuwa, an zage ni a tasha, ban taɓa jin maganar da ta yanke ni kamar wannan ba. Na ji kunya, na ji tsoron Allah, kuma na tsani hannuna. Na zazzage buhun nan a ƙasa ina neman ɗan'uwan madubin, na rasa gane shi, domin duk iri ɗaya ne, kuma kowanne akwai mai shi. Na ɗauki ɗaya na haɗa da nata, na ɗaura su a mashin ɗin Lawwali, na matse su har sifana ta ci mini tafin hannu.

Yanzu na zo kan abin da ya kawo ni. Dangi sun ba Sahabi, ƙanin Lawwali, mashin ɗin don ya yi aiki da shi ya riƙe marayu. Sahabi, na gan ka tun ɗazu a jikin taga, ba sai ka ɓuya a bayan wani ba. Zan faɗi alherinsa tukuna. Magidanci ne mai nasa iyali, amma kullum bakwai da rabi na safe yana ƙofar gidana, ya ɗauki Nana Aisha da Mansura ya kai su makaranta kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya. Ba kowane ƙanin uba ke yin haka ba, Allah ya biya shi.

Ranar Talata ya zo rumfata. Ya durƙusa a daidai inda yayansa ya durƙusa. Ya yi godiyar aiki, sannan ya ce wai a tasha an sa masa suna Hedimasta, ko za a taimaka a cire masa kunnuwan. Na faɗa masa ko wane madubi ne na hagun nan, da hannun da ya kawo mini shi. Ya share ido, ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya, Baba, amma ai kwana nai ya ƙare." Na ce ba zan cire ba. Ya ce ba komai, kanikawa ba su ƙare a Gusau ba.

Ku da kuka sa masa Hedimasta, kuna cikin ɗakin nan, na san wasunku. Ku kuka ɗauki makarar Lawwali. Ku kuka yi ta kuka a maƙabarta har ana riƙe ku. Wata biyar kacal, kun koma kan bencinku kuna yi wa ƙaninsa dariya don yana son ya ga abin da ke bayansa. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, ku kun gani, kun ɗauka a kafaɗa, kun zuba ƙasa da hannunku, bai ishe ku ba. Ban san sunan da zan kira wannan ba a gaban malamai da iyaye mata.

Saboda haka ina da roƙo. Shugabannin ƙungiya, ku da kuke iya hana mutum lodi don bai sa rigar ƙungiya ba, ku hana marar madubi lodi, a Gusau da Tsafe da Bungudu rana ɗaya, kada wani ya gudu tashar wani. 'Yan'uwana kanikawa, duk wanda Sahabi ko waninsa ya zo wa da wannan buƙata, ya tuna ni ma minti biyu na yi. Buhun nan kuma ba zan koma da shi ba. Yana bakin ƙofa, kowa ya zo ya ɗauki abinsa, ni zan ɗaura masa yau ɗin nan, kyauta, ko da za mu kai magariba.

Kai kuma Sahabi, kafin in shigo na duba inda aka jera mashina. Maduban suna nan a jiki, kwana biyar ba ka kai wa kowa ba, na kuma gode wa Allah a kan haka. Ga sifanar nan na ajiye a kan teburin shugaba. In har sai an cire, kada ka wahalar da wani bakanike. Balkisu tana can cikin mata, layi na biyu. Ka ɗauki sifanar, ka kira ta waje, ka cire a gabanta, ka miƙa mata abinta.

A'a, zauna. Zauna, ɗana, ba yanzu nake son amsa ba. Alkawarin cikin taro kowa ya iya shi, na ga an yi shi a gidan makoki. Nana Aisha da Mansura jininku ne, ban musa ba, ni kaka ne kawai na wajen uwa. Amma gobe bakwai da rabi zan tsaya a ƙofar gidana. In ka zo da madubi biyu, ni da kaina zan ɗora su. In ka zo babu, ka juya, zan kama hannunsu mu taka a ƙasa har makaranta, gobe da jibi da gata, har ranar da ƙafata ta gaza. Ni na cire madubin da rashinsa ya raba su da ubansu. Ba zan tsaya ina kallo su hau bayan wanda ba ya ganin bayansa ba.

Allah ya jiƙan Lawwali da duk waɗanda titi ya ci, ya sa sun huta. Allah ya ba Malam Ahmad haƙuri, ya musanya masa da mafi alheri. Allah ya raya marayu, ya sanyaya zukatan iyayensu mata. Allah ya tsare duk wanda ya fita neman halali a kan taya biyu, ya mayar da shi ga iyalinsa da ƙafafunsa. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, ya zaunar da Zamfara lafiya. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah ya yafe mini abin da hannuna ya aikata. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, masu mota da masu mashin da mu masu tafiya a ƙasa.

Na gode.